Wai ciwon dajin ne ke karya gida ko kuɗin jinyarsa?

Maman Khalifa: Salamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da dogon rubutu cikin daren nan, bacci ne ya ƙi zuwa. Da yawanku kun san Yayata ta Rikkos a nan Jos, toh wata takwas kenan muna fama da ciwon dajin mama. Ɗazu na ɗauko littafin da nake rubuta bashin shago na juya ta baya na fara lissafin abun da muka kashe tun ranar farko, wlh ban kai ƙarshe ba na rufe shi na tura ƙarƙashin filo. Ni ba roƙo ya kawo ni ba, tambaya ce take cina. Wanda bashi da ko shagon da zai karya, wai ya yake yi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Subhanallahi, 'yata ashe abun da kike ciki kenan shine ko ki faɗa? Allah ya ba ta lafiya yasa kaffara ne.

Mama Ladi: Kai, sannu Maman Khalifa. Shi yasa kwana biyu in na bi ta Terminus nake ganin shagon a kulle, na ɗauka kin tafi Kano saro atamfa. Ubangiji ya taɓa ta.

Maman Khalifa: Amin na gode. Mama Ladi ina kuɗin sari, jarin ai yana asibiti. Abun fa ɗan ƙullutu ne kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi ba komai, ta ɓoye kusan wata biyar tana shafe-shafe don tsoron kar ace za'a yanke. Da muka je aka fara da kati, sai hoton mama, sai aka ɗebi tsoka da allura aka kai gwaji muka jira sati uku, sakamako ya fito aka ce akwai wani gwajin kuma na gane wane iri ne, shima kuɗinshi daban. Ba a fara magani ba fa, amma adashin da na kwasa don kuɗin makarantar Khalifa ya ƙare tas. Sai kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon da ake sakawa ta jijiya, sau shida, duk bayan sati uku, kuma kafin kowanne sai an yi gwajin jini, a rubuto maka magani ka fita kana zaga kemis-kemis, farashin da ka saya wancan zuwan ba shi zaka tarar ba wannan zuwan. A na huɗu jininta yayi ƙasa aka ce ba za'a saka ba sai an ƙara mata leda biyu, ƙannenmu suka bada jinin amma ledar da gwajin mu muka biya. Sannan tiyata. Sarƙar aurenta ta tafi, firij ya tafi, keken ɗinkina ya tafi. Yanzu an tura mu Abuja gashi, wato ƙona ragowar ciwon da na'ura, Litinin zuwa Juma'a har na wasu makonni, kuma bamu da kowa a can.

Danlami Abuja: Innalillahi. Anti abun da kika faɗa shine labarin ƙasar gaba ɗaya. Ƙiyasin hukumar binciken kansa (ciwon daji) ta duniya na 2022 ya nuna mutum kusan 128,000 ne suka kamu a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu, kuma na mama shine kan gaba, sama da 32,000. Sannan a ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. A nan Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 na kasafi wa lafiya, mu masu masaukin baƙin har yau bamu taɓa kaiwa ba.

Baban Ummi: Danlami kai dai ko ciwon kai aka ce sai ka kawo gwamnati. Ni ina ganin mu ma da laifinmu. Wata biyar ana ɓoyo fa. Da an je da wuri da ba a kai ga wannan kashe kuɗin ba.

Abba Keke: Baba da girmanka amma wannan maganar ta mai ƙoshi ce. Ɓoyon ma ai kuɗi ne ke kawo shi. Macen da ta san in ta faɗa mijinta bashi da na gwaji, kuma tukunyar gidan da ribar awararta ake ɗorawa, me kake so tayi? Shiru zata yi tana addu'a ya baje da kanshi.

Baban Ummi: Ban ce ƙarya kake ba ɗana. Amma dubu nawa ne kuɗin kati, miliyan nawa ake nema yanzu?

Abba Keke: Ranar da ake neman dubun ai babu dubun ne. Miliyan ɗin kuma ba samu akayi ba, kadara aka sayar.

Mai Ganye: Assalamu alaikum. Hajiya ki daina wahalar da baiwar Allah da kemo, kemo guba ne. Akwai haɗin ganyen zogale da habbatus sauda da wasu saiwoyi, kwana arba'in daji ke narkewa da yardar Allah. Ki min magana ta fibi.

Anti Nas: Malam dan girman Allah ka goge wannan. Shekara goma sha huɗu ina aiki a ɗakin mata, na gaji da karɓar waɗanda suka gama kwana arba'in ɗinku. Mace zata zo mama ya fashe yana wari, an nannaɗe da tsumma da ganye, ka tambaya tace ta kashe dubu ɗari uku wajen masu magani, ta sayar da akuyoyinta, yanzu ta zo mana hannu rabbana kuma ciwon ya riga ya shiga ƙashi ko huhu. Kuɗi biyu ake asara kenan, na wajenku da kuma ƙarin da jinkirin ya jawo. Zogale abinci ne mai kyau, taci a kwaɗo, amma baya narkar da kansa.

Mai Ganye: Ai Allah ne mai warkarwa ba likita ba.

Ustaz Rabi'u: Haka ne, kuma shi ya umarce mu da neman magani wajen waɗanda suka san shi. Malam in kana da tabbas, ka bari sai ta warke a biya ka.

Baban Ummi: Na cire saƙon. Ba a talla a nan, mun sha faɗa.

Maman Khalifa: Wlh mu ma mun bi ta nan kafin asibiti, ba zan ɓoye ba. Har rubutu da hayaƙi da wani mai a kwalbar turare da aka sayar mana dubu arba'in. Amma ni abun da ya fi cina ba kuɗin magani bane, shi dai ka san lamba ce a takarda. Wanda ba'a rubutawa a rasit shine ya kashe ni. Duk ranar asibiti shago a kulle, washegarin kemo tana amai bazan iya barinta ba, shago a kulle, kwastomomin da na tara shekara tara sun koma maƙota kuma ban ga laifinsu ba, mai biki bazata jira ni ba. Kuɗin keke daga Rikkos zuwa asibiti da dawowa, shata muke ɗauka don bata iya cunkoso. Abincin da bata taɓa nema ba yanzu shi cikinta ke karɓa, kifi, ƙwai, kankana, tuffa. 'Yarta babba da ke aji biyar na sakandare zango guda bata je ba, ita ke riƙe da ƙannenta.

Mama Ladi: Wannan shine gaskiyan magana. Lokacin da mamana tayi na bakin mahaifa ni na zauna da ita, a Farin Gada nake sayar da kabeji da karas lokacin, kaya ne da basa jira, kwana uku ka dawo ka tarar sun ruɓe. Mai ciwo ɗaya ne amma mu uku muka daina neman kuɗi. Har yau ina biyan bashin wata a cocinmu, shekara huɗu da rasuwan mama.

Malam Sabo Direba: Ni a mota nake ganinsu. Kusan kowane sati sai na ɗauki mai wannan ciwon zuwa Abuja, ka gansu da fayil a leda da bokiti da tabarma. Kujera biyu suke biya wa mara lafiya don ta samu ta jingina, ga ta mai jinya, uku kenan. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa. Akwai wata da na kai sau uku, zuwa na biyu ta tarar na'urar ta lalace a asibitin da aka tura ta, aka ce ta dawo, a Hawan Kibo tana ta kuka a baya bata ce komai ba, ni ma ban ce komai ba. Na ukun ban karɓi kuɗinta ba.

Danlami Abuja: Ga kuma dala. Magungunan nan kusan duk shigo da su akeyi. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, a 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi kuma 70,000. Anti Nas ki faɗa musu labarin allurar nan ta masu irin ciwon maman da ake kira HER2.

Anti Nas: Trastuzumab, wadda aka fi sani da Herceptin. Ba kowa ke buƙatarta ba, sai wadda gwajin nan na biyu ya nuna irin nata kenan. Duk sati uku akeyi har shekara guda, wajen sau 17 zuwa 18, kuma kwalba ɗaya ta fi albashin wata na yawancin ma'aikata nesa ba kusa ba. Da yawa sai suyi biyu ko uku su ɓace, sai bayan wata shida ka sake ganinsu. Maman Khalifa na Yaya wane iri aka ce?

Maman Khalifa: Alhamdulillah ba shi bane. Sunce bayan gashi ƙwaya zata riƙa sha kullum, tamoxifen, shekara biyar ko fiye.

Anti Nas: Toh ki gode Allah, wannan da sauƙin kuɗi sosai akan waccan. Kar dai a bari ta yanke.

Hajiya Babba: Ni tambayata ina mijinta a duk wannan? Naji sarƙarta, naji kekenki, banji nashi ba.

Maman Khalifa: Hajiya kar ki sa in yi magana. Farko yayi ƙoƙari tsakani da Allah, shi ya biya tiyata. Daga baya ya fara cewa yana da wani gidan da yara bakwai, waya ma sai ya ga dama yake ɗauka.

Malam Sabo Direba: A yi mana adalci dai Hajiya. Mutumin da ke kasuwar Katako yana sayar da katako bashi bisa bashi, in ya zuba jarin duka gida biyu ne zasu kwana da yunwa. Ba kowane shiru bane rashin imani, wani kunya ce, ya kasa kallon idonta yace babu.

Hajiya Babba: Kunya bata hana zuwa a zauna kusa da mara lafiya Sabo. Zama ai ba'a biya. Da shi ne a kwance da tuni ta sayar da har tukwanenta, mun sha gani.

Alhaji Sale: Zan faɗi magana ɗaya, na san za'a zage ni. Ni dillalin filaye ne, rabin filayen da na sayar a hanyar Bauchi shekarun nan na masu jinya ne, kuma a wulaƙance ake sayarwa don mai saye ya san kana cikin matsuwa, filin miliyan biyar a baka uku ka karɓa kana godiya. Sau nawa ana sayar da gida, bayan wata biyu mara lafiya ya rasu, marayu su koma haya? Ni ra'ayina in likita yace abu ya yi nisa, kar a taɓa muhallin yara.

Mama Ladi: Alhaji in naka ne a kwance zaka iya wannan lissafin?

Alhaji Sale: Na riga na faɗa wa 'ya'yana, in ni ne kar wanda ya sayar da gidan.

Abba Keke: Ni na yi, bari in faɗa. Babanmu ciwon hanta ne ya zame mishi kansa, kafin mu gane ciki ya kumbura idanu sunyi ɗorawa. Keken da na gama biyan balas ɗinshi da wata biyu kacal na sayar, na kai shi wani asibitin kuɗi aka yi ta sikanin ana zuƙe ruwa a ciki yana dawowa, sati bakwai Allah ya karɓi abunshi. Yanzu keken wani nake ja ina kai balas kullum kamar farkon farawa. Ban yi nadamar sayarwa ba, uba ne. Abun da ke min ciwo shine ba wanda ya zaunar da ni yace Abba wannan ba warkewa ake nema ba, sauƙi ake nema. Da na sani da na maida shi gida cikin jikokinshi na saya mishi maganin zafi da abun da yake marmari, kullum sai ya tambayi masa da miyar taushe ni kuma ina can ina bin layin biyan kuɗi.

Ustaz Rabi'u: Allah ya jiƙan Baba, ya saka maka da alheri Abba.

Anti Nas: Abba ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi, mu ma'aikata muna da wannan laifin, muna jin nauyin faɗa. Dan Allah duk mai jinya ya tambayi likita ƙarara: mataki na nawa ne, kuma maganin nan don warkewa ne ko don rage wahala? Haƙƙinku ne. Amma Alhaji kar maganarka ta sa wani ya karaya, na Yayar Maman Khalifa daban ne, an yi kemo an cire, gashin nan shine ke rage yiwuwar dawowarshi. Wanda ya ci wannan nisan ya tsaya a nan shine yayi asarar duk na baya. Kuma Abba, kai da ƙannenka kun yi gwajin ciwon hanta nau'in B? A gida ɗaya yake bin mutane, akwai rigakafi, jarirai ma ana musu tun ranar haihuwa kyauta.

Abba Keke: Wlh bamu yi ba Anti.

Anti Nas: Ku je satin nan. Kuma a daina cin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, gubar da ke ciki tana lalata hanta.

Danlami Abuja: Amsar maganar Alhaji ai ita ce inshora, don kar a kai ga zaɓi tsakanin uwa da gida. Tun Mayun 2022 aka sa hannu a dokar NHIA da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, a Filato akwai PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ɗan kasuwa ma zai iya shiga ba sai ma'aikaci ba. Ba wai zata ɗauke duk kuɗin kansa bane, amma ganin likita da gwaje-gwajen farko, wato daidai inda Abba yace babu dubun, nan take da amfani. Mu nawa ne a nan muka yi rajista? Sannan akwai asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya da aka fara a 2021 don marasa ƙarfi, na mama da bakin mahaifa da na mafitsarar maza wato prostate, kuma Asibitin Ƙasa na Abuja da na Shika a Zariya suna cikin waɗanda aka fara da su. Anti in kun isa ki nemi ofishin walwalar marasa lafiya ki tambaya, ki tafi da duk takardunku.

Maman Khalifa: Yau na fara jin wannan wlh. Wata takwas.

Baban Ummi: Ana samu kuwa ko sunan ne kawai?

Danlami Abuja: Kuɗin kaɗan ne masu nema da yawa Baba, amma tambaya bata cin ko sisi. Akwai gidauniyoyi ma, kamar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu a nan Abuja. Kuma a 2024 an sanar da cibiyoyin kansa shida da za'a gina ko a inganta, JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, na ciki. Ranar da aka fara gashi a Lamingo rabin wahalar da Malam Sabo ke gani ta ƙare. Manya dai jirgi suke hawa, Maryam Babangida a Amurka ta rasu a 2009, Dora Akunyili a Indiya a 2014, duk ciwon daji ne, kowace tafiya irin wannan kuɗi ne ke barin ƙasar, likitocinmu kuma suna bin bayan kuɗin zuwa Saudiyya da Ingila.

Mama Ladi: Ni dai tunda na ga abun da mama ta sha, da aka zo da allurar HPV ta rigakafin kansar bakin mahaifa makarantar su 'yata a 2024 ni na fara sa hannu. Kyauta ne, 'yan mata shekara 9 zuwa 14. Maƙociyata ta hana nata wai na hana haihuwa ne, nace mata zo in nuna miki littafin bashina.

Hajiya Babba: Ladi ni ma da farko na ji tsoro, sai da jikata likita ta min bayani.

Maman Khalifa: Kun san wani abu? Yaya masa take soyawa a bakin layinsu, yara mata uku ke mata aiki, ga mai kawo itace, ga mai niƙa, ga wadda take saro mata shinkafar tuwo. Tunda ta kwanta kaskon ke kife. Ɗaya daga cikin yaran na gani kwanaki tana tallan ruwan leda a Bauchi Road. Shekararta 42 fa, ba tsohuwa bace.

Ustaz Rabi'u: Toh mu kam me zamu yi? Mai jinyar da bashi ya danne yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, ayar ta ambaci mabarta ƙarara. Masu hali a nan su tuna. Kuma ina ba da shawarar asusu na dindindin, ko dubu ɗaya a wata, mu sama da ɗari biyu ne.

Alhaji Sale: An yi irin wannan a baya, ina kuɗin suka shiga? In za'a yi, mutum uku su sa hannu a akawun, kuma a biya asibiti ko kemis kai tsaye, a turo rasit nan kowa ya gani. Ni zan fara da dubu hamsin amma da wannan sharaɗin.

Baban Ummi: Na yarda da sharaɗin. Ustaz da Mama Ladi da Anti Nas, ku ukun. Wanda bai amince ba yayi magana kafin Juma'a.

Abba Keke: Dubu ɗari biyu a wata ko kemo ɗin mutum ɗaya ba lallai ta biya ba fa.

Anti Nas: Bazata biya kemo ba, amma zata biya gwajin tsoka na mata da dama tun ƙullutun yana ƙwayar gyaɗa. Ni a can nake so a zuba ta.

Abba Keke: Waɗanda suka riga suka kwanta kuma fa?

Baban Ummi: Wannan a bari sai an zauna ido da ido, ba'a gama ta a waya.

Danlami Abuja: Anti, maganar masauki. Akwai ɗaki a gidana a Masaka, na ƙanena ne ya tafi bautar ƙasa. Da nisa kuma go-slow ɗin Mararaba da Nyanya sai haƙuri, amma ina fita ƙarfe biyar da rabi kullum zan riƙa sauke ku, matata kuma tana gida.

Maman Khalifa: Danlami wlh ka sa ni kuka. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira. Ranar Lahadi muke son tasowa, Litinin ne za'a auna ta a sa mata alama.

Malam Sabo Direba: Ku zo tasha ƙarfe bakwai, zan ajiye mata gidan gaba. Ki taho da filo da bargo, kuma kar ta ci abu mai maiƙo da safe saboda kwanonin Hawan Kibo.

Mama Ladi: Ki kawo min makullin shagon gobe. Ƙanwata na zaune ba aiki, ta iya ciniki, sai dai ki rubuta mata farashin kowace atamfa don kar 'yan Terminus su cinye ta.

Maman Khalifa: Toh Mama Ladi, bayan azahar zan biyo. Sauran turmi goma sha ɗaya ne ma a ciki.